Daga ina haraji zai fara?

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa mantawa da shekarar da ya sayar da akuyar mahaifiyata don ya biya haraji ba. A zamanin, abin da dagaci yake karɓa kusan ɗaya ne a kan kowane magidanci, da mai rumbu biyar da wanda gonarsa ta ƙi. Shi ya sa har ya rasu yana yi wa Abubakar Rimi addu'a, saboda gwamnatinsa ta soke haraji da jangali a Kano a 1979. Da wannan labarin na taso, don haka duk maganar da ta ƙunshi "kowa ya biya daidai" nakan saurare ta da ɗari-ɗari.

Yayana, wanda yake sayar da atamfa a Kantin Kwari, ra'ayinsa dabam. A ganinsa adalci shi ne a yanka kaso ɗaya, a ce goma cikin ɗari, a kan kowa. Ya ce wannan ya bambanta da harajin zamanin Baba, domin mai miliyan bakwai zai biya dubu 700, mai dubu 70 ya biya dubu 7. Hujjarsa tana da ƙarfi. Istoniya ta kama wannan hanya a 1994 da kaso 26, Rasha ta bi a 2001 da kaso 13, kuma tsarin ya sauƙaƙa lissafi ya rage hanyoyin zamba.

Na ce masa, "Yaya, dubu 7 a hannun mai mafi ƙarancin albashi abincin 'ya'yansa ne na kwanaki. Dubu 700 a hannun mai miliyan bakwai ba za ta taɓa tukunyar gidansa ba." Wannan shi ne tushen haraji mai hawa-hawa, inda kason yake ƙaruwa gwargwadon samu. Rasha ma ta dawo kan haka: a 2021 ta ɗora kaso 15 a kan abin da ya haura rubul miliyan biyar a shekara.

Sai ya kawo zakka, ya ce ai ɗaya cikin arba'in ce ga kowa. A nan ne gardamarmu ta sauya, domin zakkar dukiya ba ta hawa kan wanda bai kai nisabi ba. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga iyakar da ake fara karɓa tana da tasiri fiye da yadda muke zato. A ce kaso ɗaya ne, 20 cikin ɗari, amma an yafe naira dubu 800 na farko. Mai samun miliyan ɗaya a shekara zai biya dubu 40, wato kaso 4 na samunsa. Mai miliyan goma zai biya miliyan 1 da dubu 840, wato sama da kaso 18. Kaso ɗaya ne a takarda, amma nauyin ya hau daki-daki.

Sabuwar dokar harajin Najeriya da aka sa wa hannu a 2025 ta haɗa biyun: ta yafe dubu 800 na farko, sannan kason ya hau har zuwa 25 ga masu babban samu. Ina goyon bayan hakan, sai dai akwai abin da ya fi damuna. Ni ma'aikaci ne, ana cire nawa kafin albashi ya shigo hannuna, alhali mai hada-hadar miliyoyi da tsabar kuɗi yana iya wucewa babu wanda ya san samunsa. Matakan doka ba su da amfani a kan kuɗin da ba a gani.

Har yanzu ni da Yaya ba mu daidaita a kan kaso ba. Abin da muka yarda a kai shi ne, duk tsarin da zai sa magidanci ya sayar da akuyar matarsa ya fara karɓa daga inda bai kamata ba.