Saiwa Biyu, Suna Ɗaya

Ƙanena ɗan kasuwa ne da ke zuwa Guangzhou saro kaya. A tafiyarsa ta bara ya dawo wa mahaifiyarmu da ƙunshin busasshiyar saiwa mai suna fang ji, wadda masu maganin gargajiyar Sin ke bayarwa domin kumburi da ciwon gaɓoɓi. Hajiya ta daɗe tana fama da gwiwa, har ta sa a ɗora tukunya. Ni na hana, na ce sai na kai ta ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki.

Ran ƙanena ya ɓaci. "Yaya, kana ganin zan kawo wa Hajiya guba?" in ji shi. Ban zarge shi ba. Sunan saiwar ne ya tsorata ni.

Akwai tsirrai biyu da ake kira fang ji. Ɗaya shi ne Stephania tetrandra, wanda ake nufi da maganin. Ɗayan kuwa Aristolochia fangchi ne, mai ɗauke da sinadarin aristolochic, wanda ke lalata ƙoda, yana kuma jawo cutar daji a mafitsara. A farkon shekarun 1990, a ƙasar Beljiyam, an saka na biyun a madadin na farko cikin maganin rage ƙiba. Mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda, da yawansu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe.

Idan saiwoyin nan suka bushe aka yayyanka su, ido kaɗai ba abin dogaro ba ne. Saboda haka na daka kaɗan, na jiƙa garin a sinadarin narkarwa, na ɗiga ruwan a kan farantin da ke rarrabe sinadarai, kowanne ya tsaya a gurbinsa. Na kwatanta da samfurin da aka tabbatar. Tabon tetrandrine, shaidar saiwar ƙwarai, ya fito sarai; na gubar bai fito ba.

Ƙanena ya yi dariya, ya ce na sa Hajiya ta yi kwana 9 tana ɗingishi a banza. Ban yi musu ba, amma ban yi nadama ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne namu na gida. Duman dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu ɗan dangin Aristolochia ne. Mu ma da suna muke saye, da amana muke sha. Amanar mai sayarwa kuwa ba ta sauya abin da ke cikin saiwa.