Cocilar aljihu: mu sayi wadda ake iya buɗewa a gyara

Yau zancen cocila za mu yi. Wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu sai cocila? To, duk wanda ya taɓa fita tsakar gida cikin watan Afrilu bayan an ɗauke kuran, ƙafa ba takalmi, ya san kunama ba ta sallama. Mu da muka ga abin da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da NIGELEC ke rabawa, mun koyi darasin duhu. An maido da wutar a 2024, tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai zafi, amma har yau babu gidan da ya daina ajiye cocila kusa da matashi.

Da yawanmu mun dogara ga fitilar salula. Tana fid da mutum kunya in makulli ya faɗi, amma haskenta ba ya nisa, kuma tana shan cajin da za ka kira likita ko mai kabu-kabu da shi cikin dare. Shi ya sa muke ganin cocila ƴar ƙarama mai caji, wadda ke shiga aljihun riga ba ta ja shi ƙasa, ta zama kayan yau da kullum kamar makulli.

Abin da ke damunmu shi ne irin waɗanda suka cika babbar kasuwar Maradi da kasuwar Dole ta Zinder: na roba, masu walƙiya, an liƙe su da gam. Sai ta yi wata biyu tana haske kamar rana, sannan batirin ciki ya mutu, ba hanyar buɗe ta sai an fasa. Ka ce ka saye ta jika ɗaya da rabi. In ka saya sau huɗu a shekara, jika shida ke nan sun tafi, gawarwakinsu kuma suna bola yara na wasa da su. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Saboda haka tambayar farko da muke yi wa mai butik ita ce: «Malam, ana buɗe ta?» In gindinta da kanta suna murɗuwa su fita, to wannan cocila ce ta zama. Abu uku ne ke mutuwa a cocila: batir, makunni, da ƙwan haske. In ana kai hannu gare su, kowane mai gyaran salula da ke da dalma da ƙarfen liƙi zai canza su cikin ɗan lokaci. Masu sha'awar wannan harka a duniya suna yawan ambaton Convoy S2+, don kusan kowane sashe nata ana cire shi a sa wani, sai dai ita batirinta a waje ake caja shi. Sunan kamfani bai dame mu ba, ƙirar muke nema.

Batir shi ne zuciyar maganar. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne mai lamba 18650, wato kaurin milimita 18, tsawon 65. Shi ne a cikin batirin tsofaffin kwamfutocin hannu, shi ya sa ba ya wuyar samu wajen masu gyara, daga Katako ta Yamai har Tahoua. Ƙarfinsa volt 3.7 ne, in ya cika ya kai 4.2. Na ƙwarai ba ya wuce mAh 3500 da wani abin kirki. In ka ga an rubuta 9900 a jikinsa, wallahi ƙarya ce tsagwaronta. Ɗauke shi a hannu: na gaskiya yana kai giram 45 ko fiye, na jabu kuwa sakayau yake kamar kara. A kula da ƙanensa mai lamba 14500. Girmansu ɗaya da ƙaramin batirin rediyo mai volt 1.5, amma ƙarfinsa ya ninka sau biyu da ɗori, in aka sa shi inda ba a yi don shi ba sai ya ƙone ƙwan.

Sai maganar haske. Kwalaye na ɗauke da lumen dubu hamsin, dubu ɗari, duk tallar baki ce. Mu yi lissafi: batir mai mAh 3000 yana riƙe da wajen wat 11 na awa guda. Hasken lumen 100, wanda ya isa tsakar gida da hanyar masallaci ko rijiya, yana cin kamar wat ɗaya, ke nan za ta kai awa goma. In ka buɗe ta lumen 1000, cikin awa guda ta ƙare, kuma tun kafin nan ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta. Don haka mun fi duba ƙaramin matakin haske a kan babba. Cocilar da ke da mataki uku, kuma tana farawa da na ƙasa, ita ce ke kai ɗalibi asuba yana bita, ba ta kuma tada masu barci. Waɗanda sai ka bi ta kan ƙyaftawar nan mai sa jiri kafin ka kashe, a bar wa mai butik kayansa.

Launin hasken ma abin dubawa ne. Fari mai shuɗi-shuɗi yana burge ido a kasuwa, amma cikin ƙurar hunturu sai ya dawo maka a fuska. Wanda ya ɗan ja zuwa rawaya ya fi nuna abu da ainihin launinsa, kuma kububuwa launin ƙasa gare ta. Manomin da ke ban ruwa da dare a fadama da ungozomar ƙauye sun san amfanin wannan. Ga wani abu: kunama tana ƙyalli kore-kore a ƙarƙashin hasken nan mai launin shunayya da ake duba takardun kuɗi da shi. Mai cocilar da ake buɗewa yana iya sa a canza wa ta biyu irin wannan ƙwai, ya riƙa haska tsakar gida kafin a shimfiɗa wa yara tabarma.

Jiki ya zama na alminiyom, don yana fitar da zafi kuma yana jure faɗuwa daga moto. A duba zoben roba a wurin murɗawa, shi ke tare ƙura da ruwan damina. Ramin caji ya zama irin na salularka, waya ɗaya ta ishe ku, a gida ko a jikin fanon hasken rana. A tabbata murfinsa na rufuwa sosai, don rairayinmu ba ya barin rami.

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske muke: batirin nan yana kama wuta. Kada a zuba shi tsirara a aljihu tare da makulli ko silalla. Kada a bar shi cikin mota ko bisa kwano da rana tsaka. In rigarsa ta yage a sake mata wata, in ya kumbura ko yana zafi wajen caji a rabu da shi, kuma ba cikin murhu ba. Wanda aka ciro daga tsohuwar kwamfuta, a sa mai gyara ya auna shi da mita tukuna.

Mu mutane ne masu gyara. Rediyo, keke, injin ban ruwa, babu wanda muke yarwa don ƙusa ɗaya ta kwance. In muka riƙa tambayar wadda ake buɗewa, ƴan kasuwa ita za su riƙa kawowa, yaranmu masu gyaran salula kuma su samu ƙarin abin yi. Allah ya tsare mu da abin da ke cikin duhu, ya sa mu kwana lafiya.