Goran Masunci da Faifan Bango

Duk wanda ya ji an ambaci Argungu, kifi ke fara faɗo masa a rai. Ba laifinsa ba ne, domin tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin aka shirya masa bikin su, sunan bikin ke ƙara nisa, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma mu malaman makaranta da muka taso daga Birnin Kebbi da ɗalibanmu a bikin 2020, rumfunan masu sana'ar hannu ne suka fi riƙe mu.

Abin da aka girbe da kaka shi aka sarrafa aka baje. Ga ƙore da ludaya na duman bana, an fafe an yi musu zane. Ga tabarmin kaba da faya-fayai masu rini, ga tuluna, ga akusa.

Masu saye iri biyu ne. Baƙi daga birane launi suke dubawa, domin a bangon falo za su rataye. Matan ƙauye kuwa sai sun ƙwanƙwasa ƙwarya sun ji amonta, sun lanƙwasa faifai sun ga ƙarfin ɗinkinsa. Muka tambayi wata dattijuwa mai faya-fayai, "Inna, su wa kika fi so?" Ta yi dariya ta ce, "Malam, mai ratayewa sau ɗaya yake saye. Mai bakace kuwa kowace kaka sai ta dawo. Su ne roba ke janye mana."

Da muka isa bakin Matan Fada sai maganarta ta ƙara fito mana fili. Dubban masunta ne suka faɗa ruwa, kowa da komarsa da goransa. Goran nan ba ado ba ne: a kansa masunci ke yin iyo, a cikinsa yake zuba kifi. Saboda yana da aiki, har yanzu ana shuka dumansa.

Da yamma muka kai yara Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan adana kayan tarihi a 1958. Can ma akwai kaya masu ban sha'awa, sai dai ba mai taɓa su. Wata ɗaliba ta ce kakarta na ɗinka faifai, amma ba ta taɓa faɗa a aji ba, gudun dariya.

To, jama'a, yabo ba ya ciyar da mai sana'a. In muna son jikokinmu su san faifai ba a gidan tarihi ba, sai a dama fura a ƙwarya, a rufe ta da shi. Allah Ya sa mu dace.