Muryata ce, amma ba ni ba ne

Yau ba labarin gari na zo da shi ba, abin da ya same ni ne.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna fada muna jiran shayi na biyu, sai wata dattijuwa ta unguwarmu ta aiko jikanta ya kira ni. Na iske ta bisa tabarma, duk ta rame, ga butar ruwa kusa da ita tana ta sha. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce: "Ɗana, maganin nan da ka ce a saya na saya, amma jikin sai ƙara lalacewa yake."

Na ce: "Wane magani, Inna?"

Yaron ya buɗe WhatsApp ya danna wani vokal. Wallahi sai na ji kaina. Sallamar da nake buɗe shiri da ita, yadda nake jan kalmar "jama'a", duk suna ciki. Muryar tana cewa an samu maganin da ke raba mutum da ciwon suga cikin sati biyu, ba sauran shan ƙwayoyin likita, kwalabe kaɗan suka rage, a tura jika goma sha biyar yau-yau. Inna ta sai da akuyarta ta tura, aka aiko mata da wani ruwa a kwalba, ta ajiye maganinta sati uku.

Ni ban taɓa faɗin wannan magana ba. Washegari muka kai ta likita, aka maida ta kan maganinta, kuma alhamdulillahi tana samun sauƙi. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da ta yi mini a hanya: "Da ba kai ba ne, da ban saya ba."

Yaya aka yi? Shekaru ina magana a rediyo, shirye-shiryena suna nan zube a Facebook, kowa na iya ɗauka. Ƙirƙirarriyar basira, wadda ƴan lakwal ke ce ma IA, tana sauraren muryar mutum ta koyi yadda yake furuci, daga nan duk abin da aka rubuta mata sai ta karanta da wannan murya. Tun Janairun 2023 kamfanin Microsoft ya nuna wata fasaha mai suna VALL-E da ya ce daƙiƙa uku na magana sun ishe ta kwaikwayo. Kar kuma wani ya ce rashin boko ne ya ja wa Inna. A farkon 2024, a Hong Kong, wani ma'aikacin babban kamfani ya tura kusan dalar Amurka miliyan 25 bayan taro ta bidiyo da shugabanninsa, ashe fuskoki da muryoyin duk na'ura ce ta haɗa su. Mun tashi muna cewa gani ya kori ji. To yau ganin ma sai an bincika.

Na saurari vokal ɗin nan ya fi sau goma, da kunnen mai sana'a. Ƙofa uku suka bi suka shiga zuciyar Inna. Ta farko murya da ta sani, wadda take ji kullum da safe tana dama koko. Mutum ba ya tuhumar muryar da ya saba da ita, kafin ya auna maganar ya riga ya yarda da mai ita. Ta biyu gajiya da fata: wanda ya shekara goma yana haɗiyar ƙwaya, in ka ce mishi sati biyu ya warke, shi da kanshi zai taya ka neman hujja. Ta uku gaggawa: kwalabe kaɗan, yau-yau. An yi haka ne don kar ta samu lokacin tambayar ɗanta ko likita.

Nan ne kunya ta kama ni, don waɗannan ƙofofi kayan aikina ne. In zan karanta talla na san inda zan sassauta murya, inda zan yi shiru, inda za a sa kiɗa mai sanyi a ƙasa. Sau nawa na ce "a hanzarta kafin ya ƙare" alhali ban ga kayan ba? Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Cialdini, ya rubuta littafi tun 1984 kan hanyoyin shawo kan mutane, ya lissafa har da yarda da mai faɗa a ji, da son wanda ka saba da shi, da tsoron kar abu ya ƙare. Mai tallan magani a kasuwar Maraɗi bai karanta shi ba, amma ya san su duka. Ke nan na'ura ba ta zo da sabuwar dabara ba, tamu ta ɗauka.

Abin da ya sake shi ne wannan: da can mai yaudara sai ya tsaya a kasuwa da fuskarshi, gobe ana iya kama shi. Yau yana ɓoye, ya ari bakin malami, ko na likita, ko na ɗanka da ke Libiya yana kuka a turo kuɗi. Mu kuma mu ne masu raba mishi kyauta. A 2018 masu bincike na jami'ar MIT sun gano cewa a Twitter labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin yaɗuwa, kuma mutane ne suka fi yaɗa shi, don ya fi ba da mamaki. Mu nan da yawancin saƙonmu vokal ne, murya ita ce sa hannunmu. In aka sace ta, amana aka sace.

Ni dai na ɗauki alkawari: ba zan ƙara karanta tallan maganin da ke cewa a bar zuwa likita ba, ko nawa za a biya. In kuka ji muryata tana neman a tura kuɗi, ba ni ba ne.

Ku kuma ga roƙona. Duk saƙon da ya sa gabanka ya faɗi, ko ranka ya ɓaci, ko ka ji kamar ka tsinci dami a kala, ajiye wayar tukuna. Kira mutumin ta lambar da ka sani. Ku shirya wata kalma a gida wadda ku kaɗai kuka sani, don ranar da wani zai kira da muryar ɗan uwa. Kar a bar magani saboda vokal. Abin da ba ka tabbatar ba kuma, kar ka tura gaba. Ku karanta ma iyayenmu wannan, su ne aka fi hari.

Shekaranjiya na koma duba Inna. Tana dariya ta ce: "To yanzu in na ji ka a waya, ƙaƙa zan san kai ne?" Na yi shiru, don ni ma da kyar na bambance. Daga baya na ce: "Inna, gidana ba nisa. Ki aiko yaro, in zo ki gan ni."

Allah ya tsare mu da iyayenmu, ya ba marasa lafiya sauƙi. Amin.