Shaihu Umar a Hannun Ɗan Nangere

A Sabon Garin Nangere, ɗan Karai-Karai na iya buɗe Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, ya ji labarin ya taɓa shi. An raba Umar da mahaifiyarsa tun yana ƙarami, ya ƙetara Sahara, ya tashi a gidan Balarabe Abdulkarim, har ya zama malami.

Shi ɗan Nangere bai bar gida ba. Amma yana karatu da Turanci, yana ciniki da Hausa a kasuwar Potiskum, sai a gaban kaka yake jin harshen iyayensa.

Ya kamata marubutan Yobe su rubuta masa labarinsa da Karai-Karai.