Daga Birnin Kebbi Zuwa Kufan Surame

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wata tafiya da na yi cikin hutun hunturun da ya wuce, da dalilin yin ta, da abin da na komo da shi a zuciya.

Ni malamin makaranta ne a nan Birnin Kebbi. Ran nan ina koya wa yara labarin ƙasa, muka iso kan ƙasar Habasha, sai na nuna musu hoton wani gari da a ke kira Lalibela. Garin nan bisa duwatsu ya ke, tudunsa ya ɗara bakin teku da ƙafa fiye da 8,000. Abin da ya sa sunansa ya game duniya shi ne majami'u 11 na Kirista da ke cikinsa, waɗanda ba da tubali aka gina su ba, ba kuwa ɗora dutse bisa dutse aka yi ba. Falalen dutse aka samu, aka yi ta sassaƙa shi daga sama zuwa ƙasa, har aka fid da bango da rufi da ginshiƙai da tagogi, duk a jikin dutse guda. Ɗaya daga cikinsu siffar gicciye gare ta, tana cikin rami mai zurfin kamar ƙafa 40, mai tsayuwa a bakin ramin rufinta ya ke kallo ƙarƙashin ƙafarsa. Mutanen ƙasar sun jingina aikin nan ga wani sarkinsu mai suna Lalibela, wanda ya yi zamani wajen shekarar 1200. Sun ce ya yi nufin ya yi wa jama'arsa madadin Birnin Ƙudus ne, don haka har rafin garin suka sa wa sunan kogin Urdun. Ko wace shekara ran 7 ga Janairu masu ziyara su kan taru can dubbai, sanye da fararen mayafai, waɗansu tafiyar kwana da kwanaki a ƙasa.

Da na gama, sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, mu namu kakannin ba su bar aikin dutse ba ne, sai laka da kara?" Na ce, "Sun bari mana, ga Surame birnin Kanta." Ya ce, "Malam ya taɓa ganinsa?" Wallahi, Edita, sai na rasa ta cewa. Na san tsayin dutsen Habasha, amma ban san hanyar birnin da mutanensa suka taso suka kafa garin da na ke zaune ciki ba. Kunyar nan ita ta ɗaura mini tafiya.

Na tashi da sassafe, na shiga mota zuwa Argungu, tafiyar kamar mil 30. Fadamar Rima tana hagu da mu, ga shinkafa, ga shanu, ga masunta cikin jirage, hazo ya lulluɓe ƙetaren gulbi. Da isa sai na nufi gidan tarihi na Kanta, wanda mutanen gari ke kira Gidan Nabame. Nan ne fadar Sarakunan Kabi har zuwa 1942 da aka koma sabuwa, sa'an nan cikin 1958 aka mai da shi gidan tarihi. Na ga masu da takubba da bakuna da layun yaƙi da tambura, na ga homa da gora na su. A cikin gidan nan kuma kaburburan sarakuna su ke, na tsaya na yi musu addu'a. Ko'ina a share, ga mai bayani ya san sunan ko wane abu.

Da la'asar na gangara Matan Fada, inda a ke bikin kamun kifi. Bikin nan ya sami girmansa ne tun 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Ranar da na je ba kowa sai yara masu wanka, amma duk wanda na tambaya ya san wurin, ya san labarinsa.

Wanshekare na kama hanyar Surame. Yau kufan yana cikin Jihar Sakkwato ne, wajen ƙasar Binji da Silame, arewa maso gabas da Argungu. Mota ta kai ni inda za ta iya, babur ya karɓa, daga ƙarshe sai ƙafa. A wani ƙauye na kusa na sami wani dattijo, Allah ya saka masa da alheri, ya ɗauki sandarsa ya shige gaba. Muna cikin ratsa ƙaya da sabara, sai ya tsaya ya nuna da sanda, ya ce da harshensu na yamma, "Malam, wanga duk aikin Kanta na."

Gani ya kori ji. Ganuwa ce ta jan dutse, an jera shi an haɗa da ƙasa, ta miƙa cikin daji har ido ya gaza. A wani wuri ta fi tsayin mutum, a wani wurin ta zube ta zama tsibi. Ba ɗaya ba ce kuwa, wata cikin wata ce, ga alamun ƙofofi, ga tsofaffin rijiyoyi, ga katangar tukwane warwatse a ƙasa, ga manyan kukoki irin waɗanda a kan gani a kufai. Na dafa dutsen nan da hannuna, na tuna shekara wajen 500 ke nan da wani ɗan Adam ya ɗauko shi a ka ya aza shi nan.

Ga wanda bai sani ba, Muhammadu Kanta jarumi ne da ya bi Askiya Muhammadu Sarkin Songai yaƙin Agadas, suka ɓata a kan rabon ganima wajen 1516, ya yi masa tawaye, ya tsai da mulkin Kabi da ƙarfin kansa. Shi ya gina Surame ya mai da shi babban birninsa. Dattijon nan ya ba ni labarin da ya ji ga kakanninsa, wai ko wace ƙasa da ke bin Kanta sai da aka yanka mata nata rabon ganuwa, Nufawa kuwa da suka makara aka ce ba su kwaɓa ƙasarsu da ruwa, sai da man kaɗanya. Ƙarshen Kanta kuwa, yana komowa daga yaƙin Barno aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu a hanya, aka kawo gawarsa Surame. Wajen farkon shekarun 1700 Sarkin Kabi Tomo ya tashi daga nan ya koma Birnin Kebbi. Cikin 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, daga baya sarautar Kabi ta zauna Argungu. Watau Surame uwa ce ga garuruwan nan biyu duka.

To, amma yaya na sami uwar nan? Saiwoyin itatuwa sun shiga tsakanin duwatsu suna ture su. Dabbobi sun yi turba ta bisa ganuwa. Ko wace damina ruwa ya kan ɗebi rabonsa. Yini guda na yi, ban gamu da baƙo ko ɗaya ba sai makiyaya. An sa wurin nan cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964, cikin 2007 kuma aka miƙa sunansa ga hukumar UNESCO cikin jerin masu jiran shiga, alhali Lalibela ta shiga tun 1978. Amma takarda ba ta sare ƙaya.

Ina zaune a gindin kuka na yi ta tunani, me ya raya Lalibela, me ya kashe Surame? Ba taurin dutse ba ne, ƙafar mutane ce. Can suna da rana sananniya da a ke zuwa, saboda haka hanya ba ta mutuwa, mai shara ba ya fashi, yaro ya kan tashi da labari a bakinsa. Mu ma ai mun iya. Dubi hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu, tun rasuwarsa cikin 1829 bai rasa masu ziyara ba. Dubi Matan Fada, da aka yanka mata rana duniya ta san ta. Surame kaɗai aka bari ba rana, ba baƙo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kada wani ya ce me ya haɗa mu da majami'un Habasha. Ban ce a koyi ibadarsu ba, riƙon amanar kayan kakanni na ce a duba, kuma ƙasar da Najjashi ya sauki Sahabbai ba baƙuwa ba ce gare mu. Kada kuma wani ya ce Surame birnin kafin jihadi ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya rubuta labarin Kanta da biranensa cikin Infaƙul Maisuri. In shi bai ga ya kamata a manta ba, mu su wane ne? Ziyarar kufai wa'azi ce: ga wanda sarakuna suka yi wa dakon dutse, yau sai kukan kurciya a fadarsa.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu Sarakuna, Mai Martaba Sarkin Gwandu da Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Allah ya ja zamaninsu, su haɗa kai da fadar Sarkin Musulmi a yanka wa Surame rana guda ko wace shekara cikin hunturu, makarantu su riƙa kai yara. A share hanya, a kafa allon bayani da boko da ajami, a ba mutanen ƙauyukan kusa aikin tsaro da jagora, su sami abin masarufi. Mu malamai kuwa mu je da alƙalami mu rubuta abin da ke bakin tsofaffi tun suna da rai, gama dattijon da ya yi mini jagora ya ce 'ya'yansa duk sun tafi birni, ba wanda ya zauna ya ji.

Da aka koma makaranta na kira yaron nan, na ce masa, "Na gano." Ya ce, "Malam, yaushe za a kai mu?" Amsar wannan ba ta hannuna ni kaɗai, shi ya sa na kawo ta gaban jama'a. Wanda ya san wani abu na Surame ko Gungu ko Leka da ban faɗa ba, ina roƙo ya rubuto mu ƙaru. Allah ya sa mu dace, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Birnin Kebbi.