Kundin Farko da Ya Buɗe Mini Baki

Masu iya magana sun ce juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. Haka kundin farko yake ga mawaƙi. A shekarar 2004 ne 2Face Idibia ya fito da nasa, Face 2 Face, ya girgiza Nijeriya. Amma ni wanda ya zauna mini a rai shi ne Na Ba Ka, na Jeremiah Gyang, ɗan Jos, a ƙarƙashin kamfanin Chocolate City.

Ni Bagwandare ne daga Shabu, kusa da Lafiya. Hausa a kasuwa da makaranta na tsince ta, kuma an sha yi mini dariya kan karin harshena. Wannan kundi, wanda yayana ya riƙa kunnawa ina yaro, ya nuna mini mutumin Filato yana rera Hausa da kiɗan zamani ba tare da jin kunya ba, har Legas ta saurara. Shi ya ba ni ƙarfin halin karanta Hausa a jami'a.

'Yan'uwana ɗalibai, Hausa ta ishe mu duka. Kowa ya buɗe baki ya yi ta.